Gwamnan Amurka Tsakanin Safa da Marwa

Har gobe ban manta da wata safiyar Sha'aban ba, ina cikin masu tura keken alhazai a Harami. Ku sabbin shiga kun sani: sa'ayi zuwa bakwai ne, a fara daga Safa a ƙare a Marwa, kuma riƙe lissafin yana wuyan mai turi. Ni ko a unguwarmu Tandabawi an san ban taɓa ɓata lissafi ba, har ina cika baki.

Mushrif ɗinmu, wato mai raba mana aiki, ya haɗa ni da wani tsoho Bature Ba'amurke da ya musulunta. Sai na ji ya gaishe ni da Hausa garau. Ashe ya koyar a Kano. Na tambayi asalinsa, ban san na taɓo inda yake so ba. Ya ce kakan kakansa gwamna ne a wata jiha tasu, tun zamanin da ake yawon kamfe a keken doki. Yana gama addu'a sai ya ɗora labari, ni kuma na saki kunne.

Muna isa Marwa ya ce, "Ɗana, na nawa ke nan?" Biyar ko bakwai, ban sani ba. In na ce bakwai alhali biyar ne, na ɓata wa tsoho umrarsa. Na ajiye girman kai na gaya masa gaskiya.

Ya yi dariya har keken na girgiza, ya ce mu bi sawun gwamna, mu tuna inda labarinsa ya kai a kowane zuwa. Zuwan farko yana lauya, na biyu majalisar jiha, na uku da na huɗu majalisar tarayya, sau biyu. Na biyar ya sha ƙasa a zaɓe, na tuna don a wajen korayen fitilu na tausaya masa.

Tsohon ya ce, "Ya zama gwamna tukuna?"

"A'a, Baba Alhaji."

"To, biyar ne. Tura mu ci zaɓe."

Na tura cikin murna, kakan nasa ya hau kujerar gwamna a Marwa daidai, a na bakwai.

Da na gaya wa mushrif, cewa ya yi, "Khalas, shi ke nan, gobe a ba ka kurma." Abin da na ɗauka ranar shi ne, alhaji zai yafe maka mantuwa, amma ibadarsa ce a hannunka, ba a yi mata ƙiyasi don kare suna.