Za Mu Sauke Manaja a Gummi

Ban taɓa mantawa da ranar da saƙon Ciyaman ya faɗo cikin wayata ba, wata Alhamis da hantsi, ina tsugune bakin filinmu na Anka ina naɗa wa sanduna sabuwar roba. Ƙarshen damina ne, shekara biyu bayan abin da gubar dalma ta yi wa yaran Dareta. Ku da kuka zo aikin nan jiya-jiya kuna yi mini dariya wai na cika tambaya, ko ruwa aka ce in kawo sai na ce na sha ko na alwala. To ku gyara zama ku ji inda na samo ciwon.

Lokacin ni ne jami'in walwala na ƙungiyarmu ta ƙwallon gora, wato hoki. Ga wanda bai san wasan ba, mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, kowa da sanda mai lanƙwasasshen baki, ana kora wata 'yar ƙwallo mai taurin goriba zuwa raga. 'Yan wasanmu ba masu rage yamma ba ne, sana'arsu ke nan. A can sama akwai kwamiti, attajiran hatsi na Anka da Gummi da Bukkuyum, shugabansu Alhaji Garba, mutumin Gummi, shi muke kira Ciyaman. Ƙarƙashinsu sai Janar Manaja, wanda ke ɗaukar ɗan wasa ya sallami ɗan wasa, ya ɗauko koci, ya kuma tsaya gaban kwamiti ya sha tambaya in an ci mu. Sai koci, sai ire-irena. Aikina mota da abinci da ruwa da masauki. Ku riƙe wannan na ƙarshen.

Manajanmu shi ne Malam Dahiru, mutumin Adabka, tsohon malamin motsa jiki. Shi ya tara ƙungiyar da hannunsa. Kan babur yake bin ƙauyuka, in ya ga saurayi na kora shanu ya tsaya ya kalli yadda yake riƙe sanda, sannan ya je ya durƙusa gaban uban yaron. Ni ma shi ya ɗauko ni daga tasha ina rubuta sunayen fasinja. Mutum ne mai magana a hankali kamar wanda bai gama farkawa ba. Bayan abin Dareta ya hana a zuba ko kwano ɗaya na ƙasa a filinmu sai ya je ya ga ramin da aka haƙo ta da idonsa, gudun ƙasa mai dalma. Yana da wani buri da kowa ya haddace: wai wata rana za a shimfiɗa mana koren fili irin wanda ya taɓa gani a kudu, wanda ake yi wa ban-ruwa kafin wasa, a bakin gulbin Gummi. In ya fara zancen sai ya lumshe ido, mu kuma mu ƙyafta wa juna. Ina son mutumin nan, ba na ɓoyewa.

A shekarar an ci mu sau uku a jere. Magana ta fara yawo a rumfunan shayi cewa kwamiti ya gaji, wai akwai wani matashi mai satifiket a Kaduna da ake zawarci. Ba wanda ya ga matashin, amma har tsawonsa mutane sun sani. Ana cikin haka aka sa mana wasan sada zumunci a Gummi ranar Asabar, aka kuma ce duk 'yan kwamiti za su hallara.

Ga abin da saƙon ya ce, har yau na haddace shi: "Lawali, ranar Asabar za mu sauke Manaja a Gummi. Ka shirya komi. Kada ka gaya mai."

Na karanta sau uku. Robar da ke hannuna ta warware ta faɗi, ban ɗauka ba. Na hau tudun bayan fili inda ake samun sabis na kira Ciyaman.

"Ranka shi daɗe, na ga saƙo."

"To madalla. Ka gane ko?"

Ya kamata in ce a'a. Amma ƙaramin ma'aikaci ne ni, ina jin kunyar babba ya ce ban da kai. Na ce, "Na gane, ranka shi daɗe." Ya kashe waya. Na koma na tanadi kujerun taro da farar takarda da biro, abin da na san ana bukata in za a raba mutum da kujerarsa. Masauki kuwa na kama mana ajujuwan makarantar da muka saba, don Malam Dahiru bai taɓa kwana wani wuri daban da 'yan wasansa ba.

Asabar da sassafe muka bar Anka. Wannan tafiya har yanzu in na tuna ta ban iya rantsewa a farke na yi ta. Hazon ruwa ya kwanta bisa fadamu, dawa ta yi tsawo har ta rufe ƙauyuka, sai dai ka ga hayaƙi na tashi daga cikin kore. 'Yan wasa duk sun yi barci, sandunansu tsakanin gwiwoyi. Balbelu suka yi ta bin motar ta gefen dama, fari fat, ba su wuce mu ba, ba mu wuce su ba. Manaja na gaba kusa da direba, ina bayansa ina kallon furfurar ƙeyarsa. Na ɗan gyangyaɗa, sai na ga koren filin nan nasa shimfiɗe bisa ruwa, yaranmu na gudu a kai ba ƙura ba ƙara, shi kuma yana tsaye can bakin gaɓa da takalmansa a hannu. Motar ta faɗa rami na farka, wayar na cikin aljihun gabana tana yi mini nauyi.

Bayan mun wuce mararrabar Bukkuyum muka tsaya karin kumallo kusa da wani rafi. Na raba wa yara ƙosai da kunu. Manaja ya ɗauki kofinsa ya gangara bakin ruwa, ya zauna bisa wani dutse. Na bi shi.

"Lawali, zamna. Ka ga wurin ga? In da za a daidaita shi, ruwa na kusa." Ya nuna da kofin. "Raga ɗaya nan, ɗaya can wajen giginya."

Abin ya fi ƙarfina. Mutum na auna fili, an riga an auna masa hanyar gida. Na ce a raina ba za a kunyata shi gaban yaran da ya ɗauko daga bayan shanu ba, ina da rai. Na ciro wayar na miƙa masa.

Ya nesanta ta da idonsa ya karanta. Ya daɗe. Har wani kifi ya yi tsalle ya koma, bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Kai ya ka karanta shi?"

"Yallaɓai, awa yadda kowa zai karanta shi."

"Haka ka gani?"

"Haka gari duka ka hwaɗi, Yallaɓai. Ni dai ban son a yi ma ba-zata."

Ya miƙo mini wayar. "To. Allah shi yi ma albarka." Ya shanye kununsa, ya ɗauraye kofin a rafi, muka koma mota.

Wasan ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Yaran ba su san komai ba, amma ƙwallo ta yi ta bin sandunansu kamar akuyar da ta san mai ba ta dusa. Muka ci biyu ba ko ɗaya. Manaja bai tashi daga bencinsa ba, hannu a haɓa, yana murmushi shi kaɗai.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Ciyaman. Na jera kujeruna, na ajiye takarda da biro bisa tebur. Na ji ƙamshin naman rago na fitowa daga cikin gida, na ce a raina kai, masu kuɗi ba su da ta ido, a kori mutum kuma a ci nama. A tsarin taronmu liman ke buɗewa da addu'a, sai Ciyaman ya yi jawabi, sannan Manaja ya ba da rahoto. Ana shafa addu'a, kafin Ciyaman ya gyara babbar rigarsa, sai Malam Dahiru ya miƙe.

Bai yi doguwar magana ba. Ya gode wa kwamiti, ya ce ƙafa ta fara nauyi, gona kuma na kiransa a Adabka. Ya ce gara ya ajiye aikin yau da aka ci wasa. Ya ciro usur ɗin da ke wuyansa tun kafa ƙungiyar, ya ɗora bisa farar takardar da na tanada, ya zauna.

Ciyaman ya dubi usur, ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "To, Malam, tunda kai ka hwaɗa da bakinka. Allah shi saka da alheri." Aka ce amin. Ya ƙara da cewa, "Ɗakinka dai na nan an gyara. Yau kai baƙona ne."

Ɗaki? Na bi wani yaron gidan da ido, ya yaye labulen shagon baƙi da ke cikin zaure. Sabuwar katifa, sabon gidan sauro, darduma, buta cike da ruwa, turaren wuta na hayaƙi a kusurwa. Ni da masauki ne aikina, ni da nake sauke baƙi kowane mako, ban tuna ba cewa a Hausa ana sauke mutum daga kujera, ana kuma sauke shi a ɗaki.

Da aka shiga cin nama na samu Ciyaman shi kaɗai wajen alwala.

"Ranka shi daɗe, saƙon nan, saukar baƙo kaka nuhi?"

"Mi ka ɗauka da? Mutum ya yi muna wahala shekara da shekaru yana kwana bisa bencin makaranta, munka ce a karrama shi."

"To a maida mai usur ɗinai, ranka shi daɗe. Laihina ne, ni na nuna mai."

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa, bai dube ni ba. "Lawali, dattijo ya aje kaya gaban jama'a da kainai. Ni zan ɗauka in ɗora mai?"

Malam Dahiru ya kwana a ɗakin. Washegari muka koma Anka, ya sauka a mararraba ya hau babur zuwa Adabka. Ba a yi mako biyu ba matashin Kaduna ya iso da jakarsa. Dogo ne, yadda aka faɗa. Ko an riga an gama magana da shi kafin Asabar ɗin, ko bayanta aka kira shi, wallahi har yau ban sani ba. Na sha juya abin. Wata rana in ce Ciyaman karramawa ya nufa, ni na rusa. Wata rana in ce ya zaɓi kalmar ne da gangan, ya ba wawa irina ya kai.

Bayan an yi girbi na kasa haƙuri, na hau babur na sha ramukan hanyar Adabka. Na same shi a gona yana ɗaure dawa. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, na ce ban lura maganar na da fuska biyu ba.

Ya yi 'yar dariya. "Ni na lura, Lawali. Tun bakin rafi na ga duka biyun."

"To don mi, Yallaɓai?"

"Shi ya sa na tambaye ka ya ka karanta shi. Kai ka zama cikin rumfar shayi, kai ka jin abin da ba a hwaɗa gabana. Kuma duk cikinsu ba wanda ya kai ka sona." Ya ja igiyar damin ya ƙulle. "In mai sona ya ga saƙon ga bai tuna da ɗaki ba, to lokaci ya yi."

Ya ɗora mini dami ɗaya a bayan babur, ya tambaye ni ko ana yayyafa wa fili ruwa kafin atisaye, ko kuma sabon Manaja na zuwa duba ramin ƙasa. Na ce ina tuna masa. Ya rako ni har bakin hanya, yana nuna mini wani fako gefen gonarsa da ya ce in da za a daidaita shi, zai yi.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Mu ƙananan ma'aikata muna ganin ba mu da ta cewa wajen wa zai hau wa zai sauka, alhali maganar manya ta hannunmu take bi, kuma yadda muka karanta ta haka take isa. Manya kuma ba kullum suke son a gane su sarai ba. Don haka in an ba ku umarni, ku maimaita shi da kalmominku gaban wanda ya ba ku, ko zai harare ku, ko zai ce ba ku da kai. Da na jure wannan 'yar kunyar bisa tudu ranar Alhamis, da Ciyaman ya faɗi ɗaya cikin biyun da bakinsa, kowanne ne.

Usur ɗin na wurina. Ba wanda ya ɗauke shi daga kan tebur ranar, sai na naɗe shi cikin farar takardar na sa aljihu. Sau biyu ina kai masa Adabka, sau biyu yana cewa in riƙe tukuna, sai ranar da za a buɗe koren fili.