Ranar da Tursunoy Opa Ta Cika Kofuna

Shekara goma sha bakwai Tursunoy opa, wato yaya Tursunoy a harshensu, ta yi tana hawa bene mai hawa huɗu a wani tsohon gini a Tashkent, da gwiwa mai ciwo da burodi a jaka. Sakatariya ce a kwamitin da aka ɗora wa nauyin samo wa kayan kwamfuta da intanet sunaye cikin harshen Uzbek. To, sakatariya dai a takarda, amma a gaskiya ita ce kwamitin. Ita ke bin jaridu da shagunan gyaran waya, tana kasa kunne ga yadda mutane ke kiran abu, ta rubuta a kati, ta jera a kwalin takalmi. Kwali ashirin da uku, kalma dubu shida da 'yan kai. Da aka ce a mayar da komai daga haruffan Rasha zuwa na Latin, ita kaɗai ta sake buga su kaf, har idonta na hagu ya koma gani dishi-dishi.

Abu ɗaya tak ya rage: sa hannun malamai huɗu. In ba su sa ba, ƙamus ɗin kalmomin nan ba zai ga maɗaba'a ba. Ga shi ƙarshen wata za ta ajiye aiki, kuma ta sani sarai, tana fita kwalayen nan sito za su, wajen ɓeraye.

Duk Alhamis malaman ke zama, ita ke zuba shayi. Kuma Tursunoy 'yar gidan tarbiyya ce. Sau uku take juya shayin cikin buta kafin ta zuba, ta zuba ɗan kaɗan a gindin kofi, ta miƙa da dama, hagu a ƙirji. A al'adarsu haka ake wa baƙon da ake so, a zuba masa kaɗan-kaɗan don a yi ta tashi ana ƙara masa. Wanda aka cika wa kofi fal kuwa an sallame shi ke nan, ya sha ya kama gabansa. Ita ba ta taɓa cika wa ko mai gyaran famfo kofi ba.

Alhamis ta ƙarshe ta ajiye ƙamus ɗin da takardar sa hannun a gaban shugaba, Hamrokul domla, wato malam Hamrokul, tsoho mai furfura da ya ƙare rayuwarsa cikin littattafan dā. Har biro ta buɗe masa.

"Domla, nan ne wurin. Ƙasan sunanku."

Ya ɗauki biron, ya buɗa wani shafin ƙamus ɗin haka kawai, sai idonsa ya faɗa kan kalmar sauke abu daga intanet. Wayyo! Kalmar nan kaɗai ta ci musu damina biyu.

"Wa ya amince da wannan?"

"Ku ne, domla. Bara, ranar da kuka dawo daga bikin jikarku."

"To ban natsu ba a ranar. Akwai wata ta kakanninmu, na tsince ta a wani rubutun hannu, ta fi wannan tsarki nesa ba kusa ba."

Yoldosh aka, wato yaya Yoldosh, injiniyan kwamitin, ya tuntsire da dariya. "Domla, don Allah kakanninmu me suka sauke, in ba kaya daga bayan raƙumi ba? Ku bar ta Rashanci, kowa ya san ta."

"Kai dai da za a tsaga ka, Rashanci za a tarar. Ko atishawa da shi kake yi."

"Ku kuma kalmominku sai an haɗa wa mutum da mai fassara. Wadda kuka ƙirƙiro wa madannin rubutu, na faɗa wa matata, ta ɗauka ciwo ne likita ya gano mini."

Malami na uku ya ce a bar ta Turanci. Na huɗu yana gyangyaɗi, kamar kullum.

"Domla," in ji Tursunoy, murya ƙasa-ƙasa, "mutane sun riga sun saba da wadda ke shafin. Yayata a garin Urgut, da ko aji bakwai ba ta gama ba, ita take faɗa. Litinin zan miƙa makulli."

"Haba opa, harshen al'umma ne fa, ba a yi masa gaggawa." Ya rufe biron. "A ɗage zuwa Alhamis mai zuwa. Ɗan ƙaro mana shayi."

Ba ta ji haushi ba, wallahi. Haushi ma ai sai da ƙarfi. Gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga wuya har gwiwa, irin ta wanda ya yini yana tuƙa tukunya aka ce masa baƙin sun fasa zuwa. Ta ɗauki buta, ba ta juya shayin ko sau ɗaya ba. Ta zuba wa shugaba har ya kai baki, ya yi tumbatsa ya jiƙa gefen tebur. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har mai barcin, duk ta cika musu fal.

Yoldosh aka ya kai hannu, kofin ba shi da mariƙi, ya ƙona shi, ya janye ya sunkuyar da kai. Hamrokul domla ya daɗe yana kallon nasa, kunnuwansa sun yi ja.

"Opa, korarmu kike yi?"

"Shekara goma sha bakwai ina zuba muku kaɗan-kaɗan don ku zauna, domla. Kun kuwa zauna."

Tsohon ya miƙe, ya ɗauki hularsa, sauran suka bi shi sum-sum. Ta kasa kunne ko zai juyo, har ta ji ƙarar ƙofar ƙasa. Takardar na nan, layi huɗu fari fat, shayi ya ɗan taɓa gefenta.

Ta shanya ta a taga ta bushe, ta mayar cikin kwali na farko. Ta zubar da shayin, ta wanke kofuna biyar. Huɗu ta kife a kan faranti saboda Alhamis mai zuwa, nata ta naɗe a hankici ta sa a jaka.