Awon Ƙaryar Da Na Riƙa Tura Wa Balkisu

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Jinya na yi, kuma da hannuna a ciki.

Shekarata sittin da uku, na yi ritaya daga koyarwa a Anka, ina fama da hawan jini. Ɗiyata Balkisu, da ke aure a Gusau, ta saya mini na'urar awon jini, ta sa mini wata manhaja a waya. Kullum zan auna in rubuta, ita kuma ta gani daga can. Lokacin shan magani ma wayar ke tuna mini.

Maganin yana sa ni yawan fitsari, alwala ba ta zama. Sai na daina sha. Awo ya fara hawa, ni kuwa na riƙa rubuta lambobi masu kyau don kada hankalinta ya tashi.

Ƙafafuna suka kumbura. Daga ɗaki zuwa madafa sai na tsaya na huta. Balkisu ta shirya zuwa duba ni, ta ga awo lafiya lau, ta fasa.

Ranar wata Laraba da hantsi numfashi ya gagare ni. Daga asibitinmu aka wuce da ni Gusau. Aka sa mini iskar oksijin, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton zuciya. Zuciyar ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Na zaci tafiya ce.

Balkisu ta miƙa wa likita wayar, tana cewa awona bai taɓa hawa ba. Ya duba, ya dube ni.

"Hajiya, wanga awo na wane ne?"

Na faɗa musu gaskiya, ni na ƙirƙiri lambobin.

Balkisu ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Inna, da kin hwaɗa min, da na taho." Har yau maganar nan tana ci na.

Kwanana sha shida a gado, jinyar ta ci kuɗi sosai. Yanzu alhamdu lillahi, ina taka ƙafa har maƙwabta. Da na faɗi matsalar alwala, lokacin shan maganin kawai likita ya canja mini.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan asibiti, da ku masu addu'a. Balkisu, ki yafe mini.

Tsarana, waya abin da aka rubuta mata kawai ta sani. Ku rubuta gaskiya, ku rage gishiri. In magani ya dame ku, ku gaya wa likita, kada ku ajiye shi.