Ramuka Huɗu a Ƙasan Karafan

Kafin korona, idan sanyi ya shigo Doha, za ka ga motoci a hanyar kudu kowace tana jan ɗaki a bayanta. Karafan suke kiransa: ɗaki ne mai taya, da gado da wurin girki da ɗan banɗaki, wanda 'yan ƙasa ke kaiwa sahara su kafa sansani har zafi ya dawo. A cikinsu akan ga tsofaffi na alminiyam, waɗanda iyaye suka sayo daga Turai tun ana ƙirga benayen garin nan da yatsa, kuma akwai mutanen da gyaran waɗannan tsofaffin shi ne abincinsu. Yanzu ma ana fita sahara, amma sababbi ake ja, farare ƙal, na roba, in ɗaya ya lalace a canja shi. Masu gyaran da na sani duk sun watse. Ɗaya daga cikinsu abokina ne, kuma da hannuna a tafiyarsa.

Mutumin Zangon Kumasi ne, kafinta kuma mai walda, ya girme ni da shekara biyu. Kowa Masta yake ce masa, kamar yadda ake kiran maigidan gareji a ƙasarsu. Ni kuwa injiniya ne a wani kamfanin gas, ina zaune a unguwar Bin Mahmud, iyalina sun koma gida tun da yara suka girma. A masallaci muka haɗu, na ji yana yi wa wani faɗa da Hausa a kan ya taka masa takalmi. Daga nan na ɗauki al'adar zuwa wurinsa duk Asabar da safe, a wata gona a Umm Salal, in riƙe masa katako, in miƙa masa ƙusa, mu yi hira.

Gonar ta kafil ɗinsa ce, wato Balaraben da takardar zamansa a ƙasar ke hannunsa. Masta ya wuce sittin, kuma mai irin waɗannan shekaru ba kasafai ake sabunta masa zama ba. Abu ɗaya ne ya riƙe shi: tsohon karafan na mahaifin kafil, wanda ya yi shekaru a yashe bayan rasuwar tsohon. Kafil yana son a mayar da shi yadda yake a yarintarsa, da katakonsa da ƙananan kabad ɗinsa. Masta ya faɗa mini ba a ɓoye ba, “Alhaji, muddin ina cikin wannan gwangwanin ina cikin Qatar. In na gama shi da kyau, 'yan uwan maigida suna da irinsa guda uku.” Yana da 'ya'ya mata biyu a makarantar koyon jinya, da wannan zaman yake riƙe da su.

Ya yi aiki mai kyau. Na zauna a Jamus shekara shida, na yi aiki a Holan da Malesiya, na ga masu sana'a iri-iri, ban ga wanda yake lanƙwasa falle na katako da ruwan zafi da haƙuri kamarsa ba. Ya cire ƙusoshin alminiyam ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa sabon daɓe na katako, ya goge bangon waje har mutum yana ganin gemunsa a ciki.

Wata Asabar, kwana kaɗan kafin a rufe gari saboda korona, na same shi kwance a ƙarƙashin karafan da bindigar gam a hannu. A ƙasan irin waɗannan ɗakuna akwai ramuka huɗu, kowanne kamar bakin kofin shayi, an rufe su da raga. Ya riga ya toshe uku da guntun alminiyam da gam. Kafil yana tsaye da sandarsa, da ma'aikatan gona biyu suna kallo.

Na ce, “Masta, waɗannan ramukan fa?”

Ya ce daga ƙasa, “Ƙofar gara ke nan, Alhaji. Bature bai san gara ba. Ya yi ɗaki ya bar wa ƙwaro ƙofa.”

“A saharar nan ma?”

“Nan gona ce, ga dabino ga ruwa. Ku Kanawa kasuwa kuka sani. Ni na ga gara ta cinye mota mai jikin katako a damina ɗaya, sai ƙarfe ta bar wa mai ita.”

Kafil ya tambaye ni da Larabci me muke cewa. Na ce muna maganar gara. Ya gyaɗa kai, ya ce Masta ya san aikinsa.

Na san amfanin ramukan nan. Maƙwabcina a Holan yana da karafan, shi ya nuna mini su: ta nan ruwan da ya zuba a ciki yake fita, ta nan iska take shiga ta busar da katako. Abin da ya kamata shi ne a sa raga mai ƙananan ido, ba a toshe ba. Maganar minti ɗaya ce. A Jamus na ga ɗan koyo ya ce wa maigidansa “ba daidai ba ne” a gaban mai kaya, maigidan ya duba ya ce haka ne, aka wuce, ba wanda ya ji komai. Amma ni a Kano aka raine ni. Ba a gyara wa babba sana'arsa a gaban wanda yake ci da shi, balle ni mai takarda, shi mai guduma, a ce na zo gonar mutane ina nuna boko. Na yi masa kara. Na ce a raina in mun keɓe zan faɗa masa.

Mun keɓe. Ya riga ya toshe na huɗun, ya cika tankin ruwan ɗakin don gwaji, ya buɗe famfo, ruwa ya zo, ya yi dariya kamar yaro. Ya ce saura labule da fenti. Na ga farin cikinsa na ce bari sai Asabar mai zuwa. Muka ja tampol muka lulluɓe karafan saboda ƙura, muka ɗaure shi tam.

Asabar mai zuwa ba mu haɗu ba. An killace unguwar masana'antu inda yake kwana tare da sauran ma'aikata, ba shiga ba fita. Mu da muka manyanta aka ce mu zauna a gida. Masallatai suka rufe, ladan yana cewa a yi salla a gida. Na yi watanni tsakanin falo da taga. Masta ya kamu da cutar, aka kai shi wurin killacewa, ya yi kwanaki da robar iska a hanci. Ina kiransa, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Na tuna da ramukan nan ba sau ɗaya ba. Amma yaya za ka kira mutum yana neman numfashi ka ce masa ya yi kuskure a aiki? Lambar kafil kuma tana wayata, kiransa zai zama kai ƙara. Na yi shiru a karo na uku.

Sai ƙarshen zafi muka koma gonar. Wanda bai yi watan Agusta a Doha ba bai san danshi ba, gilashin ido yakan yi gumi da zarar ka fito daga mota. Muka kwance tampol. Da Masta ya buɗe ƙofa, wari ya buge mu, irin na rumbun da ruwa ya shiga. Wani mahaɗin bututu ya yi ta ɗiga tun ranar gwaji har tanki ya ƙare, ruwan bai sami hanyar fita ba. Bango ya yi baƙi da fumfuna har rufi. Ƙofofin kabad sun kumbura sun ɓare. Masta ya taka ciki, ƙafarsa ta nutse a daɓen da ya yi wata biyu yana shimfiɗawa.

Ya fito ya zauna a kan taya. Ya ce, “Inna lillahi.”

Kafil mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya leƙa, ya toshe hanci da gefen ƙyallen kansa, ya ce, “Khalas, shi ke nan, abin da Allah ya rubuta.” Ya sabunta wa Masta zama, ya ce a sake, amma yana son ɗakin kafin gasar kofin duniya, zai yi baƙi, a gonar zai sauke su.

Masta ya koma ciki. Sai dai ƙirjin da ya fito da shi daga cutar ba irin na da ba ne. Ruɓaɓɓen katako in ana ɓamɓare shi yakan tashi kamar gari. Yakan sa takunkumi biyu, ya yi rabin sa'a, ya fito ya dafa bango yana tari. Wani likita ɗan Zariya da muke salla tare ya saurari ƙirjinsa ya ce ya bar aikin nan. Masta ya ce, “Likita, in na bar shi, kai za ka ba ni biza?” An sassauta dokar canja wurin aiki a lokacin, amma wa zai ɗauki dattijo mai tari?

Na koma zuwa Juma'a da Asabar. Na koyi ɓamɓara, na koyi goge fumfuna. Katakon da ake buƙata ya yi wuya, jiragen ruwa suna makara, wanda ya iso kuma manyan gine-ginen gasa sun kwashe. Shekara ta juya muna rabin aiki. Duk da haka bai bar tsokana ba. Ranar da ƙasarsu ta hana tamu zuwa gasar, na same shi ya ɗaura tuta a jikin karafan.

“Alhaji, sannu da haƙuri. Kada ka damu, zan ara maka riga ka zo ka ga yadda ake ƙwallo.”

Na ce, “Ku da za ku koma gida kafin a gama sauke kaya?”

“Ko ba komai mun zo. Ku fa? Sai dai ku sayar mana da ruwa a bakin fili.”

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya daɗe a sunkuye.

A ranar ne, da muka zo shimfiɗa sabon daɓe, ya ɗauko ma'auni ya ce in riƙe masa, zai fasa ramuka huɗu. Ya ce wani Bafilipine mai gyaran kwale-kwale ya yi masa bayaninsu. “Ashe hanci ne, Alhaji. Na toshe wa ɗaki hanci. Da akwai wanda ya sani a wurin, da ba haka ba.”

Na ce, “Na sani.”

Ya ɗago. “Ka san me?”

“Na san amfaninsu. Tun ranar da kake toshewa.”

Ya ajiye ma'aunin a hankali. “To me ya hana ka magana?”

“Maigidanka yana tsaye. Na yi maka kara.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Da ka ce mini jaki a gaban Balarabe, da yanzu na manta.” Ya juya ya ci gaba da awo. Ranar bai bari na riƙe masa komai ba. Mako na gaba ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi iyali, amma bai sake ce mini Bakano ba, bai sake tsokanata ba.

Saura wata biyu a fara gasa, kabad ba su hau ba, banɗaki ba a taɓa shi ba. Kafil ya zo ya duba, washegari mota ta zo ta ja karafan zuwa wani kamfani. Suka fitar da duk katakon Masta, tsoho da sabo, suka jera farar roba a bango, suka sa na'urar sanyi. Cikin mako biyu aka dawo da shi. Kafil ya sallami Masta da mutunci, ya saya masa tikiti, amma bai sabunta takardar ba.

Ni na kai shi filin jirgi da hantsi. Duk hanya tutoci ne da hotunan 'yan wasa a jikin benaye, baƙi suna shigowa ta wannan ƙofa, masu jakar buhu irinsa suna fita ta waccan. Ya bar mini zartonsa saboda nauyin kaya. Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Allah ya yafe mana duka, Alhaji,” ya tura keken kayansa ya shiga layi.

Yana Kumasi yanzu. Ƙaramar 'yarsa ta bar makaranta ta kama aiki a shagon magani. Ƙirjinsa ba ya ɗaukar ƙurar katako ko kaɗan, kuma bai sake yin aikin kafinta ba.