Ragowar Furar Yaya Bawa

Shekarar da fari ya cinye Gangara ina ɗan shekara shida, kuma don tsabar rama, in na tsaya a rana sai inuwata ta yi ta nemana. Bayan isha'i kakarmu Inna Tumba takan haɗa wutar kara, ta ɗora tukunyar da ba komai cikinta sai ruwa, ta ce tuwo na tafe, amma gatana ta riga shi isowa. Mu ce ta shigo, ko ba miya.

A shekarar ne Yaya Bawa, wanda ya ba ni shekara ashirin, ya tafi ci-rani bai dawo ba. Ban riƙe fuskarsa ba. Abin da na riƙe ragowar furarsa ce, don a gidanmu babba ba ya shanye ƙwarya, sai ya rage wa na ƙasa da shi.

Gatanar da Inna ta fi yi ta wata yarinya ce da wanta ya tafi neman hatsi. Bayan shekara bakwai sai ga shi a ƙofar gida, tsagarsa ta Gobirawa daidai, muryarsa daidai. Yarinya ta dama fura ta miƙa masa. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya lashe ludayi. Kafin gari ya waye ya cinye rumbu, ya cinye akuya, ya juyo kanta.

Nan Inna takan rage murya ta dube ni. "Angona, dodo na iya aron huska, amma ba shi iya rage hura. Ka ji mi nac ce?"

Bana damina ta sake yi mana rowa, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Ni kuwa na tara tumbi da 'ya'ya tara, ga rumbu ya kai in ka yi tari cikinsa sai ya amsa. Ana haka ɗan kabu-kabu ya sauke wani tsoho daga Burkusuma, ya ce shi ne Bawa. Ya kira sunan mahaifinmu, ya nuna inda tsohuwar rijiya take. Duk wanda zai shaide shi yana maƙabarta. Mai ɗakina ta ja ni gefe ta ce a irin wannan shekara kowa ɗan'uwan mai rumbu ne.

Na sa aka dama fura. Na zauna ina zuba masa barkwanci, idona na kan ƙwarya. Ya sha, ya sha, ya kwankwaɗe, ya lashe ludayi. Na bar barkwancin. Ni da furfurata, sai da na sa aka ɗaure akuya a ƙafar gadona. Washegari ma haka. Na ƙudurta in ya kuma, za ni sallame shi.

Rana ta uku ya sha rabi, ya tsaya. Ya turo mini ƙwaryar.

"Ungo, Auta. Tun shekaranjiya nike son in rage maka, hannu ya ƙiya."

Na karɓa na sha, ban iya ko wasa ɗaya ba.

Abin da Inna ba ta gaya mana ba, dodon nan yunwa ce, kuma ba fuskar baƙo kaɗai take aro ba. Yaya Bawa na nan gidana, hadari bai haɗo ba, rumbu na ƙara amsa tari. Jiya na ɗago kai daga ƙwarya na tarar na lashe ludayi, autata Hajo na tsaye tana dubana.