Ranar da na kashe tsohuwa a takarda

Shekarun baya, lokacin da aka katse layin waya a yankinmu, ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu a garin Batsari. Ba mu daɗe da baro ƙauyenmu na wajen Ruma ba, ni da mahaifiyata da ƙannena. Yadda muka fito kam, har yau bakina bai iya faɗa. Abin da zan ce kawai, in babura biyu suka wuce ƙofar shago a jere, sai in tsinci kaina a ƙarƙashin tebur.

Mai shagon tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya. Shi ya koya mini gyaran rubutu: inda ake sa waƙafi, inda ake sa aya, kalmomin da ake haɗewa da waɗanda ake rabawa, da haruffa masu ƙugiya da nake yawan mantawa. Yakan ce, "Ke 'yar sakandare, jimla ba igiyar guga ba ce, yanke ta!" Abin da ya fi nanatawa shi ne duk abin da aka maimaita a cire shi. Ni kuwa na riƙe wannan kamar karatun salla. Har na fara jin kaina wata ce.

Da babu waya, sai mutane suka koma wasiƙa, ana ba direbobi a tasha. Wata ranar kasuwa, Malam ya tafi masallaci, wani dattijo daga wajen Wagini ya shigo. Kwana kaɗan kafin nan an kai hari ɓangarensu. Ya miƙo mini takarda da wani ya rubuta masa da fensir, ya ce a buga ta fes, ɗansa mai ɗinki a Katsina za a kai wa.

Rabin takardar gaisuwa ce. Mahaifiyarka na gaishe ka. Ƙanwarka na gaishe ka, ita da goyonta. Kawunka na gaishe ka. Haka har ƙasan shafi, mutum ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina yau ga aiki ya samu. Na share duka, na sa layi guda: kowa da kowa na gaishe ka.

Ya juya takardar, ya ce, "Ɗiyata, mi ya sa ta koma 'yar ƙarama haka?"

Na ce, "Baba, gyara ta na yi."

Bai iya karatun boko ba, ni kuma ban karanta masa ba. Ya sa mini albarka ya tafi tasha.

Kwana uku sai ga shi ya dawo, da wani magidanci idonsa jawur, da wata tsohuwa a bayansu. Magidancin ya ajiye takardar gabana, ya ce, "Ke kika buga wannan?"

Ashe shi ne ɗan dattijon. Nan ya faɗa mana. Tun da aka shiga wannan hali, mutanensu ba sa rubuta wa na nesa cewa wane ya rasu. Sai a jero masu rai ɗaya-ɗaya a gaisuwa, wanda ba ka ga sunansa ba ka san abin da ya faru. Shi kuwa ya ji labarin harin a tasha, ga wasiƙa ta zo babu sunan kowa, ko na mahaifiyarsa. Ya rufe shago, ya hau babur ya bi hanyar da direbobi ma suka daina bi. Ya isa gida yana kuka, ya tarar da ita tana shanyar wake.

Na san wannan hanyar, na san abin da ke bakin dajin. Da wani abu ya same shi, da hannuna ne ya tura shi. Na shiga ba shi haƙuri ina kuka.

Sai tsohuwar ta matso ta leƙa fuskata. "Ashe ke ce kika kashe ni a takarda? Yarinya ƙarama da ke!" Ta fashe da dariya, ta kama hannuna. "Bar kuka. Shekara biyu ina aika masa ya zo, bai zo ba. Ke da layi ɗaya kin kawo mini shi."

Malam ya ce laifinsa ne, ya ba ni almakashi bai koya mini tambaya ba. Daga ranar ya kafa doka: ba takardar da za ta bar shagon sai an karanta wa mai ita da ƙarfi, daga sallama har ƙarshe.

Yanzu waya ta dawo, ni kuma ina duba rubutun ɗalibai da na masu son fitar da littafi. Har yanzu ina sa waƙafi, ina yanke doguwar jimla. Amma in na ga an maimaita abu, sai na tambayi mai shi dalili kafin in taɓa. Ƙarar babur ba ta daina faɗar mini da gaba ba, sai dai na daina shiga ƙarƙashin tebur.

Kafin su tafi a ranar, tsohuwar ta sa na buga wata wasiƙar zuwa ga ɗiyarta da ke aure a Safana. Ta zauna kusa da ni tana lissafo mutanen gidan, ina bugawa, tana cewa, "Karanto in ji." Shafi biyu muka cika. Ban cire ko mutum ɗaya ba.