Autanmu da Haƙorin da Ya Kai wa Nagoggo

Wayyo daɗi, ku fito ku ji! Inna, bar dakan nan haka, an ɗauki Auta!

Auta dai ƙaramin gidanmu ne a garin Babban Mutum. Da rana fiɗar awaki yake, da kaka ya ɗaura zare a hannu ya shiga dambe. Burinsa ɗaya, a ɗauke shi gidan damben Kano. To can ba a ɗaukar ɗan ƙauye sai wani babba ya tsaya masa. Babban da ake jin maganarsa a ƙasar Daura kuwa Baba Nagoggo ne, tsohon ɗan dambe mai ido ɗaya, yana saida igiyar shanu a kasuwar Mai'adua.

Kowa tsohon nan yana ba shi shawara. Ya ba Mati, wani ƙato daga Dutsi, Mati ya je ya kirɓe maza, ya ce wa makaɗa layar kakansa ce. Ko sannu bai koma ya yi ba.

Auta kuwa tsohon ya ce masa, "Ka sunkuya ka shiga ta ƙarƙashi." Ya sunkuya a gaban Mati. Kai! Mati ya tarbe shi da gwiwa a baki, ya bi shi da dunƙule a kunne, Auta ya kife yana tofar da jini. Ya lalubi haƙorinsa a cikin ƙasa, ya hau babur, sai Mai'adua.

Ya miƙa wa tsoho haƙorin. "Baba, ga abin da shawararka ta haifa."

"Ɗan nema! Yaushe ka sunkuya?"

"Ana buga kalangu."

Nagoggo ya tsula masa igiya a gadon baya. "Sakarai! Sai ya saki hannu tukuna! Amma ni ma ban ce maka Mati na da gwiwa ba. Zauna."

Tun daga nan, ya ci ko an ci shi, sai ya je ya faɗa. Wannan ta yi, Baba, wannan ta sa an fasa min gira. Tsoho ya zage shi, ya gyara.

Suka sake haɗuwa da Mati a Dutsi. Mati ya kawo duka kamar zai kashe shi, Auta ya jira hannun ya wuce, ya shige, ya narka masa a haƙarƙari, ya ƙara a muƙamuƙi. Ƙato ya zube, hanci na tsiyaya, sai da aka kwara masa ruwa.

Ɗazun nan yana fiɗa waya ta yi ƙara, ya ɗauka da hannu duk jini.

"Kai ne Auta mai giɓi? Daga gidan damben Kano ne. Na tambayi Nagoggo yaran Daura, ya ce shi kai kaɗai ya san dambenka, sauran ba su taɓa komawa sun ba shi labari ba. Ka taho Juma'a da zarenka."